Gurbi na Goma Sha Bakwai

Kayan aikina ba su cika jaka ba:
sikeli, igiyar awon damtse mai launi uku,
allura 'yar mitsitsiya, da takarda mai gurbi talatin.
Da asuba nake barin Asawase
in isa Aboabo kafin ƙosai ya huce.

Dakta Boakyewaa ta ce mana a jami'a
iskar duniya ta sauya, hatsi na tashi a cikinta
kamar yaron da ya yi tsawo ya bar ƙarfinsa a baya.
Ƙwaya tana nan da cikarta,
abin da ke gina jini ne ke janyewa a hankali.
Na rubuta.
Ban ce na yarda ba.

Mma Lariba mai waake ba ta ƙaunar sikelina.
"Shekara talatin da ɗaya ina awo da ludayi,
ba wanda ya taɓa dawo min da kwano."
Duk da haka ta bar ni na auna wake da shinkafa,
da karan dafin da ke ba su ja,
da kan kifi guda
da za a raba wa baki biyar.

A ɗakin surukarta na rataye ma'aunin zafi,
ƙusa ɗaya suka raba da carbi.
Kwana bakwai yana sauraron kwanon rufi,
ga abin da ya kawo min:
ƙarfe biyun dare
ɗakin nan bai ji labarin faɗuwar rana ba.
Fuseina, ciki wata bakwai, a zaune take kwana,
ta jiƙa zane ta yafa, ya bushe, ta sake jiƙawa.
Na soki yatsarta.
Na'ura ta yi jim, sannan ta ce tara.
Na san tara ba ta ishi mutum biyu ba,
na yi murmushi irin na ma'aikata, na cike gurbi.

Na goma sha bakwai yana tambaya:
Kin ga wani canji a abincinku? E ko a'a.

Mma Lariba ta ajiye ludayi.
Ta ce ruwan da kan zo a kan kari yanzu sai ya ga dama,
in ya zo kuma da fushi yake zuwa,
ya kwaso ledar kwata ya ajiye ƙarƙashin gado,
bayansa sauro, bayan sauro gudawa.
Ta ce kifin da ake kawowa daga gaɓar teku
da tafin hannu ne, yau ɗan yatsa.
Ta ce ayoyon da take tsinka kyauta a bayan gida
an zuba masa siminti.
Ta ce mai kawo mata wake daga arewa
sau biyu ya shuka bana, sau biyu rana ta cinye.
Ta ce, ta ce,
har inuwar mangwaro ta bar mu.

Na dubi gurbin.
Faɗinsa bai kai ƙwayar wake ba.
Na sa E.

Da yamma allura ɗaya ta rage a jaka.
Don wasa na soki nawa yatsan.
Goma.
Ni mai sikeli, ni mai takarda,
ni da nake ƙirga gidaje kamar daga wani gari na zo.
Ashe tukunyar da nake aunawa
ita ce ke ciyar da ni tun ina firamare.

Washegari na biya ta Kejetiya
na sayi littafi mai layi, na sidi biyar,
don abin da gurbi ya ƙi ɗauka.
Na nuna wa Mma Lariba. Ba ta ko kalle shi ba.
Ƙasan idona ta ja da babban yatsa, ta leƙa,
ta yi tsaki,
ta ɗora dafaffen ƙwai a kan waakena.

"Ci," in ji ta.
"Wannan kuma kar ki auna."